Ranar da Aka Wuce Ni a Hawan Arda

Dair Alla,
Talata, tsakiyar tsinkar lemo.

Zuwa ga ƙanena Daifallah ɗan Falah, Abu Ziyad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta waɗanda suka sha nono ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka tsaye da ƙafafunka, kai da Ummu Ziyad da yara, Ya kuma sassauta muku sanyin Kanada da ka ce yana shiga har cikin haƙori. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matata Fidda gwiwa ta matsa mata, a kan kujera take salla yanzu, amma bakinta lafiyarsa ƙalau, kada ka ji tsoro. Yayarmu Nofa an yi mata aikin ido a Amman, ta dawo tana ganin ƙurar da surukarta ta shekara biyar tana bari a bayan ƙofa. Lemo ya yi kyau bana. Tumatir kuwa mun zubar wa awaki da rabinsa, babu mai saye. 'Yata Hiyam ce ke riƙe da alƙalami, ka san ni ban taɓa zama gaban allon makaranta ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya.

Saƙonka ya iso sau uku ta wayar Hiyam, na kuma saurare shi sau uku. Kana so idan kun zo a watan Yuli in ja tawagar da za ta je Ajlun nema wa Ziyad aure, in zama ni ne bakin gida. A saƙo na uku ka ƙara da cewa ka ji wani abu ya faru da motata, in zaɓi wadda nake so a Zarƙa kai za ka ɗauki nauyi. Ban amsa ba, kuma ba don ban ji ba ne. A waya kana katse mutum, tun kana yaro haka kake. Shi ya sa na sa aka ɗauko takarda, don ka ji maganar daga kanta har wutsiyarta, sannan ka ji amsata.

Ka tafi da daɗewa, bari in tuna maka. Shekara talatin da ɗaya ke nan tun rasuwar Baba, ba a taɓa ajiye finjalin gahawa a gaban wani ɗan zuriyar Falah ba sai ni. Neman aure ne, sulhu ne, motata ce a gaba, sauran na biye, kuma ba mai wuce ta ko da tafiyar hawainiya take yi. In mun isa a zuba mini gahawa, in ajiye ban sha ba, in miƙe in faɗi su wa muke, su wa suke, da abin da ya taɓa haɗa kakanninmu, sai mai gida ya ce mu sha gahawarmu an ba mu. Ban da karatu, amma babu kabarin da ban san mai shi ba daga nan har Karama, babu auren da ban san wanda ya ɗaura ba. Kuma shekara arba'in na yi ina jan fasinja tsakanin Dair Alla da Salɗ. Hawan Arda da ke tsakaninsu na san shi kamar tafin hannuna, kwana kwana.

Shekara shida da suka wuce na je Zarƙa na sayo mota mai lantarki, ni ne na farko a duk ƙauyukan nan. Ina da farantan da ke zuƙar hasken rana don injin ban-ruwa, na ce rana da ke gasa mu kyauta gara ta ja mu kyauta. Ranar da na kawo ta na yanka rago, aka ci, aka sha, aka yi mini dariya da naman a baki. Abokina Hajji Uƙla, wanda ka sani, ya zagaya ta sau biyu, ya kara kunnensa mai ji a jikinta, ya ce wai ni Abu Rakan na sayo dutsen guga na sa masa taya. Wani ya ce in zan je Salɗ in tafi da waya mai tsawo. Ɗana Rakan da kansa ya ce Baba, da ka bari wasu sun fara an ga kamun ludayinta. Na ce masa da kowa zai jira wani ya fara, da har yau a kan jaki muke. Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutane, kuma har yanzu ban ce ƙarya na yi ba.

Ta yi mini hidima, ba zan ci amanarta ba. Ba ta da gudu, ba ta son zafi, a hawa sai ka lallaɓa ta kamar tsohuwar raƙuma, amma tana kai ka. Su kuwa masu dariya, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa da yamma, a sha shayi, a yi ta kewaye-kewaye, can sai a ce Abu Rakan, wai batirin nan yaya yake yi da zafin Agusta, wai caji ɗaya yana kai ka ina. Duk abin da ya ba ni wuya na faɗa musu, suka je Zarƙa suka nemi wadda ba ta da wannan aibin. An ce na gaba idon na baya. To ni na zama idon, su suka yi gani. Cikin shekara uku gida ashirin sun saya, har da Rakan. Tasu ta fi tawa nisan zango, ta fi ta sauƙi a kasuwa, batirinta da ruwa ake sanyaya shi, nawa kuwa sai iskar Allah. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya riga ka zuwa kasuwa ai ba ya hana a kawo sabon kaya bayansa.

Abin da ban haɗiye ba shi ne na bara. Wata safiya Rakan ya zo yana murmushi, ya ce motarsa ta kwana ta tashi da ƙarin ƙarfi. Na ce wane bakanike ya taɓa ta. Ya ce babu, kamfani ne ya aiko shi ta iska, kamar yadda saƙo ke shiga waya, duk masu irin tasa sun samu. Ya ɗauke ni muka hau titi, ya taka, sai da ƙeyata ta bugi kujera. Daifallah, tambari ɗaya ne a goshin tawa da tasa. Suna ɗaya. Na koma gida na zauna cikin tawa na jira, na ce ko nawa rabon yana hanya. Kwana bakwai ina duba allonta kowace safiya. Fidda ta ce in kai mata gahawa mana, wataƙila baƙon kunya yake ji. Daga baya na sa rigata mai kyau na tafi Amman wurin wakilan kamfanin. Wani mai igiya ɗaure a wuya ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, ya ce Hajji, taka ta zubin farko ce, ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauka ba. Na ce ashe zubin farko laifi ne. Ya ce a'a, ai da irinku aka koyi yadda za a gyara na baya, ku ne ginshiƙi. Na ce masa na san ginshiƙi, shi ne wanda ake binnewa a ƙasa a yi gini a kansa. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake, ya miƙo mini takarda mai hotunan sababbi.

Daga nan zauren dangi ya zama mini wurin shan magana. In na shigo sai a ce a ba Abu Rakan wuri, tun jiya ya taso. Surukin Nofa ya ce wai ya ga wata akuya ta yi mini fitila tana neman hanya. Ba su faɗa da mugunta, na sani, kuma ni ma na yi wa wasu fiye da haka a zamanina. Amma mutum ya shekara arba'in ana tambayarsa yadda ake hawan dutse da mota, sai ga shi 'ya'yan da ya koya wa riƙon sitiyari suna rage gudu saboda shi, kana gani a madubi suna hamma.

Ana cikin haka sai Nofa ta aiko, jikanta Mut'ib ya ga yarinya a Salɗ. Da aka faɗa mini gidan sai da na ajiye abin da ke hannuna. Jikar Abu Hani ce. Kai kana da shekara biyar lokacin, ban san ko kana tunawa ba. Shekarar da wutar yaƙi ta yi yawa a kwarin nan muka gudu muka hau dutse, Inna na goye da kai, ni ina ɗauke da tukunya da bargo biyu. Muka isa Salɗ ba mu san kowa ba, ana ruwa. Mahaifin Abu Hani ya gan mu a gindin bango, bai tambayi sunanmu ba sai bayan kwana uku. Ya kwashe buhunan zabibi daga ɗakin ajiyarsa ya ba mu ɗakin, muka yi wata goma sha huɗu a ciki. Abu Hani yana saurayi a lokacin, shi ya cire rigarsa ta ulu ya sa maka don kana tari, hannuwan rigar suna jan ƙasa. Da muka koma kwari, Baba ya yi ta cewa zai hau ya yi musu godiya a gaban mutane, yadda ya kamata, ba a bakin ƙofa ba. Yau noma, gobe ciwo, har ya rasu bai je ba. Ni kuma na yi ta wuce unguwarsu da fasinja, ina cewa sai ranar da ta dace. Godiya irin wannan ba a yin ta a tsaye da inji a kunne. To ga rana ta zo da kanta: maza ɗari biyu a zaune, tsohon yana da rai, ya haura tamanin, an ce kuma da ya ji sunan Falah ya ce a sa masa kujera a gaba. Sati uku ina shirya maganar a cikin lemo, ina faɗa wa itatuwa.

Yanzu ga inda na cuci kaina, kuma Hiyam ta ɗago kai ta ce ko a tsallake, na ce rubuta. Na kwanta na tashi da tunanin mota talatin a bayana a hawan Arda, a zafin Agusta, ni ina rarrafe su suna taka burki, mu isa gidan mutane ana ƙunshe dariya. Wani ya ba ni labarin wani bakanike a bayan Zarƙa, mai buɗe wa tsofaffin motoci ƙarfin da kamfani ya kulle. Kwana huɗu kafin ranar na tafi ban gaya wa kowa ba. Mutumin ko baƙin mai babu a hannunsa. Ya jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta danne-danne yana cin gyaɗa, ya ce Hajji, dokinka ɗaure yake, na kwance masa dabaibayi. Na tambaye shi zafi fa. Ya ce wane zafi, ai su kamfani tsoro ne da su kamar tsohuwa a bakin rijiya. Ni da na san ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi, ni da na sha korar yaran gareji saboda irin wannan magana, na gyaɗa kai don abin da nake so in ji ke nan. A hanyar dawowa na taka, ta zabura, na yi dariya ni kaɗai kamar yaro. Amma daga Zarƙa zuwa kwari gangara ce, Daifallah. Ban gwada ta a hawa ba.

An yanka mana lokaci bayan la'asar, ƙarfe biyar. Muka taru a ƙofar zaure, mota talatin da biyu, kowa da farar riga da jan rawani. Zafin ranar har kwalta tana kama takalmi. Hajji Uƙla ya shiga gaba kusa da ni kamar kullum, ya ce in bari ya ɗauko abincin dare ko da za mu kwana a hanya. Na ce masa ya riƙe haƙoransa na roba da kyau. Da muka fara hawa na taka ta har ƙasa. Wallahi ta tashi. Kwana ta farko, ta biyu, ta uku, na duba madubi na ga Rakan ya zama ɗan tsako a baya. Uƙla ya dafe ƙofa yana salati, yana cewa Abu Rakan, aljani ka sa mata ko me, ni ban yi wasiyya ba. Ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan mintuna ba tun ina saurayi, ba zan ɓoye maka ba. Da na sassauta a nan, da wataƙila mun isa. Ban sassauta ba. Ina so su gani.

Bayan kwanar da ake sayar da ɓaure, inda hawan ya fi tsayi, sai ta yi ƙara sau uku, wani ɗan kunkuru rawaya ya fito a allo. Ban taɓa ganinsa ba a shekara shida. Na taka, babu. Ƙafata a ƙasa, mota na tafiya kamar mai bin gawa. Uƙla ya leƙa ya ce wannan wace dabba ce, na ce ya yi mini shiru. Ayari ya iso ya taru a bayana, mota talatin da ɗaya, ba wanda ya yi ham, ba wanda ya fita layi. Haka muka yi ta ja, mai tafiya a ƙasa zai iya raka mu yana hira. Manyan motocin kaya suka taru a bayan namu suna ta ihu. Ƙarfe biyar ta yi muna tsakiyar dutse. Biyar da kwata ta tsaya cik, wani wari kamar na ƙonannen waya yana tasowa daga ƙasa.

Rakan ya fito ya zo taga. Ya sunkuya ya ce Baba, mutane sun kira sau biyu, dattawa na zaune cikin zafi tun huɗu, ka zo ka shiga tawa, ka zauna a gaba, ita a aiko a ɗauka. Magana ce ta hankali, yau na sani, a ranar ma na sani. Amma duk tagogin nan a buɗe suke, ido sittin a kaina, ga surukin Nofa ya fito yana gyara rawani yana kallon sama. Na ce masa ban taɓa shiga gidan mutane a kujerar fasinja ba, minti goma za ta huce. Uƙla ya ce haba Abu Rakan, girman kai rawanin tsiya, tashi mu tafi. Na ce wanda ya gaji ya sauka. Rakan ya tsaya minti goma cur yana duban agogo, na kunna, kunkuru na nan. Ya sake roƙo, har ya kama hannuna ya sumbata. Na fizge. Na ce masa in yana da fuskar da zai wuce ubansa, ga hanya nan.

Na faɗa ne don na tabbata ba zai iya ba. Ya koma motarsa, ya ɗan jima a ciki. Sai na ga fitilarsa ta hagu tana ƙiftawa. Ka san waɗannan motoci ba su da ƙara, da ma a ce ta yi ruri ne, da na ce inji ne ya wuce ni. Shiru ta zo ta gifta, na ga gefen fuskar ɗana, bai waiwayo ba. Sai ta biyu, sai ta uku. Na ƙirga su duka, ban san dalili ba. Wasu sun ɗaga hannu, wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun sami abin dubawa a waya. Nan da nan suka haye kamar ana jan su da igiya, da ƙarfin nan da aka aiko musu suna barci. Aka bar ni da Uƙla da mai ɓaure. Uƙla ya buɗe ƙofa ya sauka. Ya je ya sayo ɓaure ya ajiye tsakaninmu, ba wanda ya ci.

Sai dab da magariba ta yarda ta motsa. Muka isa an fara naɗe kujeru. An ba da yarinya, an karanta Fatiha, an ci alawar kunafa har an share farantai. Wani daga cikin masu gida ya zuba mini gahawa kamar yadda ake zuba wa duk wanda ya makara, na karɓa na shanye, don babu abin da zan ajiye ta a kansa. Na tambayi wa ya yi magana, aka ce Rakan, kuma ya yi kyau, gajere, ya karanto daga waya, aya ɗaya da hadisi ɗaya da yabon gidaje biyu. Kowa na ta sa masa albarka. Ka ji abin da ya fi ci mini rai, Daifallah: babu abin da ya lalace. Na shekara talatin ina zaton in ban buɗe baki ba ba a ba mu ko kaza. Na tambayi Abu Hani. Babban ɗansa ya ce tsohon ya zauna tun kafin la'asar, yana ta tambaya ina ɗan Falah mai tukunya, ina ɗan Falah mai tukunya, su ba su gane ba, suka zaci ruɗewar tsufa ce. Zafi ya galabaitar da shi aka shigar da shi ciki, ya sha magani ya yi barci. Ya ce ko a tashe shi. Na ce a'a, a bar shi, zan dawo.

Ban koma ba. Na ɗora motar a bayan babbar mota na mayar da ita wurin mai gyaɗa na ce ya maida mata dabaibayinta, ya ce zai maida, amma batirin ya riga ya ji wuta, abin da ya ƙone ya ƙone, kuma ai bai ce in yi tsere da ita a dutse ba. Garin neman gira na rasa ido. Yanzu tana kai ni gona, tana kai ni masallaci da asibitin Fidda, duk inda ƙasa take a shimfiɗe. Daga kwarin nan kuwa ko'ina za ka sai ka hau. Rakan ya zo sau biyu ya ce zai kai ni Salɗ, na ce ina da aiki. Ina jira in sami hanyar da zan je da kaina, a kan sitiyarina. Ina cikin jira, a watan Oktoba, aka buga waya aka ce Abu Hani ya cika.

Ranar ta'aziyya ban bi ayari ba. Na je tasha na shiga motar haya, layin da na ja shekara arba'in. Direban bai san ni ba, ya ce Hajji a ɗaura bel, ya kuma shiga kwanar ɓaure a giyar da ba ta dace ba, na kame bakina. A rumfar makoki na zauna kusa da 'ya'yan mamacin na faɗa musu komai, zabibi, wata goma sha huɗu, rigar ulu. Suka saurara da ladabi. Babban ya ce Allahu akbar, ba mu taɓa ji ba, Allah Ya saka da alheri Hajji. Ana haka wasu manyan baƙi suka shigo, ya miƙe ya tarbe su, ban ƙarasa ba. Maganar da na yi wa sati uku ina gyara, wadda Baba ya mutu da ita a ciki, ta fita a rumfar makoki tsakanin zuwan wani da tafiyar wani, ga wanda ya san nauyinta yana ƙarƙashin ƙasa.

Fidda ta ce in daina ɗora wa ƙarfe laifi, mota ba ta hana ni shiga ta Rakan ba. Gaskiyarta. Amma ni ma ina da tawa gaskiyar. Da waɗancan mutanen kamfani sun tuna da mu da muka fara yarda da su lokacin da kowa ke dariya, da ban je wurin mai gyaɗa ba. Sun koyi sana'a a bayanmu, suka ba na baya lada. Wannan ba zan yafe ba, ko da ba su san ina raye ba. Rakan kuwa ban yi fushi da shi a fili ba. Yana zuwa kowace Juma'a, yana sumbatar hannuna, muna cin shinkafar mansaf a faranti ɗaya. Ya yi abin da ya fitar da dangi kunya, da ni ne a matsayinsa wataƙila haka zan yi. Sai dai in ya miƙo mini nama, gefen fuskar nan nake gani.

To ga amsata, ƙanena, kuma kada ka kira don ka canza ta. Motar da ka ce a saya, Allah Ya saka, ka bar kuɗinka ka yi wa Ziyad hidima. Ko ka sayo mini wadda ta fi ta kowa, baɗi za a aiko wa wasu abin da ba za a aiko mata ba, kuma ba gudu ne na rasa a hawan Arda ba. Wanda aka wuce sau ɗaya an wuce shi. Mutum talatin sun gano ana iya isa ba tare da ni ba, ba za su mance ba, ni ma haka. In na koma gaba yanzu, alfarma ce suke yi mini, kowa ya sani, ni kuma ban iya magana da bakin da aka ara mini ba. Rakan zai ja tawagar Ziyad, shi za a ajiye wa finjali. Zai fitar da kai kunya, za a ba ku yarinya.

Ni zan zo, ɗan ƙanena ne. Zan shiga motar haya da sassafe in riga ku isa Ajlun, in zauna a masallacin unguwar har ku iso, in shiga cikin jama'a in sami kujera a baya. Abu ɗaya nake nema a wurinka. Mutanen nan na Ajlun, kakarsu ta wajen uwa 'yar ƙanwar kakanmu ce, an kai ta can a shekarar fari, a kan alfadari, kuma akwai labari a kan haka wanda ya kamata a faɗa ranar. Rakan bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Na yi rantsuwa a raina ba zan bi shi da shi ba. Kai baffansa ne, yana jin maganarka. Ka ce masa ya zo ya tambaye ni. Kada ka ce ni na ce. In ya zo kafin Yuli zan ba shi duka, da wannan da sauran, har inda numfashina ya kai. In bai zo ba, to ya karanta abin da ke cikin wayarsa, ni kuma in tafi da nawa inda Abu Hani ya tafi da nasa.

Ka gaishe mini da Ummu Ziyad, ka ce mata zaitun ɗin da ta nema Fidda ta jiƙa, yana jiranta. Ka gaishe da Ziyad ango, da Lujain, da ƙaramin nan Bashar da ban taɓa gani ba sai a waya. Fidda na gaishe ku, Nofa na gaishe ku da sabon idonta, Mut'ib da amaryarsa suna gaisuwa. Hajji Uƙla ya ce in gaya maka ka zo masa da maganin kunne, ba don ya ji mutane ba, don ya san lokacin da suka yi shiru. Hiyam ta ce hannunta ya gaji, tana gaida baffanta. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya sa ina cikin masu tarbarku.

Yayanka,
Muflih ɗan Falah, Abu Rakan.
Ga dangwalen yatsana a ƙasa.